Farar ƙasa ce ko ƙashi? Yadda aka gano sirrin farin adon tukwanen Hangari na zamanin tagulla

A yammacin ƙasar Hangari akwai wasu mutanen da can da ake kiransu da sunan tukwanensu, don ba wanda ya san sunan da su suke kiran kansu, basu bar rubutu ko harafi ɗaya ba. A yaren ƙasar ana ce musu masu tukwanen "mészbetétes", wato tukwanen da aka cusa wa farar ƙasa. Mész ɗin shine farar ƙasa, irin wadda ake toya dutse a jiƙa a shafe bango da ita. Sama da shekara 100 ana wannan kiran a littattafai da gidajen tarihi, ɗalibai suna haddacewa suna cin jarabawa da shi, sai a 2008 wasu masu bincike suka kankare ɗan garin farin suka sa a na'ura, sai ga shi mafi yawansa ba farar ƙasa bane sam, ƙonannen ƙashi ne aka niƙa.

Ni ranar da na fara sanin wannan dariya nayi, don nan take kakata ta faɗo min a rai. Duk wanda ya tashi gidan da ake kaɗi ya san alli, ba na makaranta ba, allin mata masu mazari. Ƙashin shanu ake tarawa a tura cikin wuta a barshi ya ci wuta har ya bar baƙi ya koma fari ƙal, a daka a kwaɓa a dunƙule, mai kaɗi tana dangwala yatsa tana murza mazari don kada ya riƙa zame mata. Kaga kenan abin da sai da aka haɗa da jami'a da na'urori kafin a gane, tsohuwa mai taskira a gabanta inda za a miƙa mata garin ta murza a yatsa wataƙila ta ce ai wannan alli ne ɗan nan. Ba wai ina cewa akwai dangantaka tsakaninmu da su bane, babu, kowa da kansa ya gano cewa ƙashi in ya sha wuta fari yake bayarwa mai taushi. Amma sanin allin ya sa labarin yake min sauƙin ganewa.

Toh bari mu ɗauko shi daga tushe.

Yankin shine wanda yake yamma da kogin Danub, inda tafkin Balaton yake kwance a tsakiya, ƙasa ce mai tuddai da kwari da dazuka. Mutanen sun rayu a wurin tsakanin shekara ta 2000 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato tsakiyar zamanin tagulla, shekaru kusan 4000 zuwa 3500 da suka wuce. Manoma ne makiyaya, suna ƙera kayan ado na tagulla, an sha tono tarin irin kayan adon da suka binne, mafi shahara shine wanda aka samu a Tolnanémedi har ake kiran sauran irinsa da sunan garin. Ba su gina manyan tsaunukan kufai irin na maƙwabtansu na gabas ba, waɗanda suke gini kan gini har wurin ya zama tudu, shi yasa mafi yawan abin da aka sani a kansu daga maƙabartu ya fito. Kuma ƙona gawa suke yi. Wani a zuba tokarsa cikin tulu a binne, wani a watsa ta cikin ramin, sannan a jera masa tukwane kewaye, ba ɗaya ba biyu ba, wani kabarin sai ka ƙirga gommai, ƙananan kofuna da butoci da akusa, wasu ma ƙanana ƙwarai kamar na wasan yara. Riƙe wannan maganar ƙona gawar, zamu dawo kanta.

Tukwanen kansu abin kallo ne. Da hannu aka gina su ba da injin juyi ba, amma bangonsu siriri, an goge jikin har yana sheƙi, launinsu baƙi ko toka-toka ko ruwan ƙasa mai duhu, sai farin zane ya bi jiki kamar aikin surfani a kan baƙar shadda. Masana sun raba su gida biyu, na arewa wajen Veszprém da Esztergom zanensu sirara ne, layi-layi da ɗigo-ɗigo da ƴan da'irori, na kudu kuma wajen Szekszárd da Pécs basa wasa da farin, faffaɗan ɗamara suke yi su cika ta taf har wani lokaci farin ya kusa rinjayar baƙin. Kafin su akwai mutanen Kisapostag a yankin, su kuma zare suke naɗawa a jikin tsinke su danna a ɗanyen yumɓu su cika gurbin da fari, daga nan sana'ar ta taso. Kayan sun yi farin jini har wajen yankin, ana tsintarsu a kufan maƙwabta da ba irin tukwanensu bane.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, wannan ba fenti bane. Fenti a sama ake shafa shi. Wannan tun tukunya tana da sauran danshi, ta ɗan sha iska amma bata bushe ba, magini zai ɗauki tsinke ko ƙashi mai tsini ya tsaga zanen, inda yake son faɗi ya ƙwaƙule yumɓun gaba ɗaya ya bar kwari, kuma ba ya barin gindin kwarin sumul, da gangan yake caccaka shi ko ya kakkarta don farin ya samu abin kamawa, dabara ɗaya da mai filasta da yake karta bango kafin ya ɗora shafe na biyu. Bayan nan a busar a gasa a cikin hayaƙi, a danne wutar kada iska ta shiga sosai, shine yake bada baƙin. Sai a kwaɓa farin a cusa a tsagar a goge saman. Wanda ya taɓa ganin masu gyaran ƙwarya suna sassaƙa zane su murza fari a ciki ya fito raɗau, toh kusan haka ne, sai dai wannan farin yana da kauri, cika ramin yake yi har ya daidaita da jikin tukunya.

Wanda ya fara tattara labarin irin waɗannan tukwane a littafi guda wani limamin coci ne mai suna Wosinsky Mór, a Szekszárd ya zauna, mutum ne mai son tone-tone, shi ya tona sanannen kufan Lengyel, kuma gidan tarihin Szekszárd sunansa yake ɗauke da shi har yau. Littafin ya fito a 1904, shekara uku kafin rasuwarsa, kuma kalmar farar ƙasar nan tana cikin taken littafin. Daga nan suna ya bi. Waɗanda suka zo baya kowa ya riƙa faɗin nasa, wannan yace farar ƙasa, wancan yace dakakken katantanwa ko ɓawon kifin kogi, ana ambaton ƙashi ma jefi-jefi, amma mafi yawa da ido ake yanke hukunci, wani ya kwafa daga wani, ba a zauna an bi abin ɗaya bayan ɗaya an gwada ba.

Ni dai ban ga laifinsu sosai ba, don fari duk fari ne a ido. Ka ɗauko garin farin dutse, da na katantanwa, da jibsam (wani farin ma'adini mai laushi da ake filasta da shi), da farin yumɓu, da tokar ƙashi, ka cusa kowanne a tsaga ka binne shekara 3500, ka tono ka ce wani ya bambance, wallahi sai dai ya yi canki-canka. Ga kuma wani tarko da ya fi wannan, ƙasar yankin da yawa tana da sinadarin farin dutse a cikinta, ruwa yana narkar da shi ya bi ya daskare a jikin duk abin da aka binne, kamar yadda gindin butar shayi yake yin farin ɓawo in ruwan rijiyarku mai nauyi ne. Tsohon gwajin da kowa ya sani shine a ɗiga asid, in ya yi kumfa a ce farin dutse ne. Toh in ƙasa ta riga ta shafa wa ƙashin nata farin a sama, ai zai yi kumfa, mai gwaji ya rubuta farar ƙasa ya wuce abinsa, alhali abin da ya gwada ba aikin magini bane aikin kabari ne.

Waɗanda suka yi aikin 2008 su uku ne, Stephen Roberts da Joanna Sofaer daga jami'ar Southampton ta Ingila, da Viktória Kiss ƴar Hangari wadda ta daɗe tana nazarin mutanen nan. Shi Roberts masanin duwatsu ne, wanda a ganina shine ya sa aikin ya yi kyau, don tambayar ta ma'adini ce ba ta tarihi kaɗai ba. Hanya uku suka bi. Ta farko a harba hasken eksire a kan ɗan garin, kowane ma'adini da yadda ƙwayoyinsa suke a jere, hasken sai ya tarwatse ta salon da ya dace da jerin, kamar zanen yatsa ne, na farin dutse daban na ƙashi daban. Ta biyu a haska masa wani haske da ido baya gani, wanda yake ƙasa da ja, a duba wane ɓangare ya shanye, nan ake gane ko akwai fosfet, sinadarin ƙashi, ko kabonet, na farin dutse. Ta uku madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, wanda yake nuna siffar ƙwayar garin kanta, girmanta, ko an niƙa ta lilis ko da tsakitsaki.

Bambancin a taƙaice shine, farin dutse da farar ƙasa da katantanwa duk dangi ɗaya ne, kalsiyam ne da kabon. Ƙashi kuwa kalsiyam ne da fosfaras, ma'adinin da ake kira haidiroksi-afatait, shine a haƙorinka ma. Da zarar ka ga fosfaras mai yawa tare da wancan zanen yatsan, magana ta ƙare. Kuma abin da suka gani kenan a mafi yawan samfuran, sai ƴan kaɗan da suka fito dangin farin dutse da gaske. Ma'ana masu cewa farar ƙasa ba ƙarya suka yi ɗungurungum ba, amma ƙaramin kaso suka ɗauka suka raɗa wa duka suna.

Inda abin ya fi min daɗi shine maganar wuta. Ɗanyen ƙashi ba ma'adini zalla bane, kusan kashi biyu cikin uku ne ma'adini, sauran wani abu ne kamar jijiya da maiƙo da ruwa, shi yasa ɗanyen ƙashi baya niƙuwa, danƙo gareshi, ka daka ya tsattsage maka. In ka sa shi a wuta da fari ja-ja zai yi, wajen digiri 300 zuwa 400 ya koma baƙi ƙirin, in wuta ta ƙaru ya koma toka-toka, sai ya haura wajen digiri 700 kuma da wadatar iska sannan maiƙon ya ƙone tas ya bar fari ƙal mai gautsi da zaka murƙushe da hannu. A daidai nan ƙwayoyin ma'adinin suke girma su daidaita, kuma na'ura tana ganin wannan, shi yasa masu binciken suka iya cewa ba ɗanyen ƙashi aka niƙa ba, toya shi aka yi tukun. Duk mai yin alli ta san wannan ba tare da ma'aunin zafi ba, in ta fasa ƙashin taga cikinsa da sauran baƙi ta san bai nuna ba, ta mayar. Waɗancan maginan ma dole haka suke yi, da ido da gogewa, don ɗan baƙi kaɗan in ya shiga garin ya ɓata farin gaba ɗaya ya koma ruwan toka.

Daga nan kuma zaka gane dalilin da yasa ake ganin bayan gashi ake cusa farin. Ka duba, tukunyar baƙa ce, baƙinta daga hayaƙi da ƙarancin iska ya zo. Ƙashin fari ne, farinsa daga wuta mai iska ya zo. Wuta ɗaya bazata baka duka biyun a lokaci guda ba, in ka cusa farin ka tura tukunyar cikin hayaƙi, hayaƙin baya zaɓe, har farin zai bi ya dusashe. Wato wuta biyu ce daban, aiki biyu daban, wataƙila ma rana daban. Masu amfani da jibsam ma haka, don shi zafi kaɗan yake kore ruwan jikinsa ya canza. Sai dai nan wata tambayar take tasowa, garin ƙashi ba kamar farar ƙasa bane da in ka jiƙa ta bushe take kama kanta, shi in ya bushe zubewa yake yi, dole akwai abin da ya riƙe shi, ƙaro ne ko kitse ko ruwan dafaffen ƙashi da fata ko ƙwai ko ɗan yumɓu, duk ana hasashe, amma irin waɗannan abubuwan ruɓewa suke a ƙasa, shekara dubbai basa barin sawu mai yawa. Shi yasa tukwane da yawa ake tono su farin ya zube sai tsagar kawai, wasu kuma yana nan daram kamar jiya aka sa, wanda shi kansa yana nuna hannu ya fi hannu.

Toh sai babbar tambayar da na san tun ɗazu tana ranka. Mutanen nan ƙona mamatansu suke, ƙonannen ƙashin mutum fari yana gabansu kullum, tukwanen kuma a kabari ake samunsu, shin ƙashin kakanninsu suke niƙawa su yi ado da shi? Labarin yana da daɗin faɗa, kuma na ga yadda mutane suke saurin rungumarsa. Amma binciken bai ce haka ba. Ma'adinin ƙashin mutum da na saniya da na barewa iri ɗaya ne, abin da zai bambance su shine sinadaran gado da furotin, su kuma wutar digiri 700 ta riga ta cinye su, siffar ƙashin da ake dubawa a gane na waye niƙa ta tafi da ita. Abin da masu binciken suka iya cewa shine akwai bambanci tsakanin samfuran da yake nuna wataƙila sassan jiki daban-daban aka yi amfani da su, ko ƙasusuwa masu shekaru daban-daban. A nawa ganin, makiyayin da yake yanka shanu da tumaki da aladu, ƙashi zube a bayan gida, baya buƙatar zuwa maƙabarta neman kayan aiki, ga kuma yawan tukwanen, dubbai ne. Amma bazan rantse ba cewa ba a taɓa yi ba ko sau ɗaya don wata tukunya ta musamman, mutum ne fa, kuma mutanen da suka san cewa wuta tana mayar da ɗan'uwansu fari, da wuya ace in sun ga wannan farin a jikin kofi basa tuna komai.

Akwai ma wata maƙabarta a Bonyhád inda masu tono suka gwada zanen tukwane da jinsi da shekarun wanda aka binne, suna ganin zanen yana kwaikwayon sutura da kayan adon mamacin ne, wato tukunyar kamar mutum ce a tsaye sanye da kayanta. Ana jayayya a kai, na kawo shi ne kawai don kaga adon ba na ƙawa kaɗai ake ɗaukarsa ba.

Abin da ya fi ƙashin kansa muhimmanci a wurina shine wannan, ba haɗi ɗaya bane. Wani wurin ƙashi zalla an niƙa lilis, wani da tsakitsaki, wani farin dutse, kowa da yadda yake kwaɓa nasa, amma in ka jera tukwanen a kanta ido bazai nuna maka ba. Da ace wata cibiya ɗaya ce take yi tana rabawa, da haɗin ya zo iri ɗaya. Tunda bai zo ba, masu binciken suka ce ana yin su ne a wurare da dama a lokaci guda. Kamar tuwon sallah ne, duk gari an yarda da yadda ya kamata ya fito, amma kowane gida da hannun uwar gidan. Zane kowa yana gani a kasuwa ko wajen biki ya kwaikwaya, amma abin da ke cikin kwaɓin sai ka zauna kusa da mai yi, sai wanda ya koya maka ya nuna maka, shi yasa haɗin yake nuna wa ya koya daga wa fiye da yadda zanen yake nunawa.

Da aka fara duba sauran wurare sai aka ga ashe abin ya yaɗu. A gabashin Hangari, wani bincike da William Parkinson ya jagoranta a 2010 ya duba tukwanen da suka girmi waɗannan da nisa, na zamanin jan ƙarfe, waɗanda aka daɗe ana cewa katantanwa ce a jikinsu, nan ma ƙashi ya fito. A Sifen, kwarin kogin Guadiana wajen Badajoz, tukwanen tsakanin shekara ta 3000 zuwa 2000 kafin Annabi Isa (AS) masu siffar ƙararrawa, ƙashi ne, alhali wasu yankunan ƙasar farin dutse ko jibsam suke sawa a irin tukwanen. A arewacin Italiya har da dutsen nan mai santsi da ake hodar jarirai da shi. A Morabiya ta ƙasar Cek an samu farin yumɓu da jibsam da ƙashi da farin dutse. Sofaer da Roberts sun ci gaba da bin kogin Danub zuwa ƙasa, Kuroshiya da Sabiya da Romaniya, inda sana'ar ta daɗe tun zamanin mutanen Vučedol masu shahararriyar tukunyar nan mai siffar tsuntsu, har zuwa masu ƴan gumakan yumɓu na Cârna da aka zana wa riguna da sarƙoƙi da farin cusawa. Ban shiga waɗannan ba don kowanne labarin kansa ne.

Wani zai ce toh me yasa ba su yi amfani da abin da ya fi kusa da su ba kawai? Ai nan ne abin mamakin, yammacin Hangari ba ta rasa farin dutse ba, duwatsun Bakony da suke arewa da Balaton cike suke da shi, ga katantanwa a bakin ruwa. Duk da haka mafi yawansu suka bar wannan suka ɗauki doguwar hanya, tara ƙashi, wanke shi, itace mai yawa don wuta ta kai, tsince wanda bai nuna ba, niƙa, tankaɗe, kwaɓi. Ko don farinsa ya fi haske ne, ko ya fi laushin cusawa a siririyar tsaga, ko baya cin hannu kamar ɗanyar farar ƙasa mai ƙuna, ko kawai haka suka tarar ana yi, duk zai yiwu.

Sunan dai ba a canza shi ba. In ka shiga gidan tarihin Szekszárd ko na Veszprém yau ka tsaya gaban gilashin da aka jera kofunan, takardar da ke ƙasa har yanzu mészbetétes zata ce maka, masu farar ƙasa.